Romuald Hazoumè, Gwanin da Ya Gano Fuskar Jarka

Duk mai jarka a gida ya tashi ya ɗauko ta, ko ta ruwa ce ko ta fetur. Ya kwantar da ita yadda samanta zai dube shi, bakin yana ƙasa, mariƙin yana tsaye a tsakiya. To, ya ƙura mata ido. Mariƙin nan hanci ne, dogo, miƙaƙƙe. Bakin da ake ɗura ruwa ta cikinsa bakin mutum ne a buɗe, kamar an katse shi yana tsakiyar kira. Kafaɗun nan biyu na gefen mariƙi kuwa, nan ne kumatu da gurbin idanu. Fuska ce sak, ba a ƙara mata komai ba. Mu nan Gure da jarka muke kwana, da ita muke tashi. Tana kan amalanke, tana bayan jaki, tana kan yarinyar da ta fito daga famfo, tana bakin babbar hanyar Damagaram zuwa Diffa a gaban ƴan ruwa-ruwa masu sayar da fetur. Amma ba mu ga fuskar nan ba sai da wani mutumin Porto-Novo ya yanko ta, ya rataya a bango, ya ce wa duniya ta duba. Sunansa Romuald Hazoumè, kuma ni dai a wurina, cikin masu aikin fasaha da ke raye a Afirka yau, babu wanda ya kama ƙafarsa.

Na san babbar magana na yi, kuma ba zan janye ta ba.

An haife shi a 1962 a Porto-Novo, babban birnin Jamhuriyar Benin, lokacin ƙasar tana amsa sunan Dahomey. Asalinsa Bayarabe ne, ya tashi a gidan Kiristoci ƴan Katolika. Ba a Paris ko Landan ya koyi ganin abin da yake gani ba, a titin garinsu ya koya. Porto-Novo tana daf da iyakar Najeriya, kuma shekara da shekaru fetur ɗin Najeriya ya kasance mai arha saboda tallafin gwamnati, har aka kai mafi yawan man da motoci da baburan Benin ke sha ta bayan fage yake shigowa. Kpayo suke ce masa. Samari kan ɗaure manyan jarkuna baƙaƙe masu cin lita 50 a kan babur, gaba da baya da gefe, har da wadda direba zai zauna a kanta, su bi ta daji da bakin ruwa don kauce wa ƴan duwan. Don jarka ta ƙara ci, sai a gasa ta a wuta har robar ta yi laushi ta kumbura, cikinta ya buɗe, jikinta ya yi siriri. Sauran labarin kowa ya iya ƙarasa shi: rami ɗaya a hanya, tartsatsi ɗaya, mutum da babur da kaya su tashi gaba ɗaya.

Wa zai koya mana wannan? Mu da muka san kwalaben lita jere a kan tebur rana tana haska jan ruwan da ke ciki, da mazurari, da tsumman tacewa, da yaron da ke zuƙo mai da baki ta tiyo yana tofarwa. Namu daga kudu yake hawowa, nasu daga gabas yake gangarawa, amma sana'ar ɗaya ce, hatsarin ɗaya ne, kuma talaucin da ya tura mutum cikinta ɗaya ne. Shi ya sa ranar da wani ɗan'uwa ya kawo mini littafin hotunan ayyukan Hazoumè daga Kwatano, ban nemi mai fassara ba. Shafin farko na buɗe na ga ƴan garinmu.

A tsakiyar shekarun 1980 ya fara yanko saman jarkunan da suka gama aiki yana mayar da su fuskoki. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙarancin abin da yake ƙarawa. Wata ya ɗora mata tsohon buroshi, sai ga mace mai tsayayyen gashi. Wata ya naɗa mata igiyar wuta a ka, sai ga kitso. Wata gashin tsuntsu, wata matsefi, wata guntun yadi da aka ɗaura kamar kallabi, ɗaurin da kana gani ka san mai shi ba ta da wasa. Shi ke nan! Ba fenti mai yawa, ba gyara, ba ɓoye tabo. Inda jarkar ta fashe aka liƙe da narkakkiyar roba, liƙin yana nan. Inda igiya ta ci jikinta, sawun yana nan. Alamar fentin da mai ita ya shafa don kada ta ɓace masa cikin jarkunan mutane, ita ma tana nan, kamar dai yadda matanmu ke ɗaura wa tasu tsumma ja ko su rubuta suna a jiki kafin su ajiye ta a layin famfo tun asuba. Saboda haka ko wace fuska tana da nata hali. Akwai mai fushi, akwai mai mamaki, akwai ƴar gayu, akwai wadda gajiya ta gama da ita. Na daɗe ina kallon wata baƙa mai lotsattsen goshi, bakinta ya ɗan karkace, na rantse da na taɓa zama kusa da mai irin wannan fuskar a tasha.

Ana iya jero shi kusa da salon nan da ake kira Pop, wanda ya yi tashe a Ingila da Amurka, inda mai fasaha ke barin zanen sarakuna da gumaka ya koma kan kayan kanti da na kicin. A shekarar da aka haifi Hazoumè, 1962, Andy Warhol ya baje zanen gwangwanayen miyar Campbell's guda 32 a Los Angeles. Claes Oldenburg, wanda aka haifa a Stockholm a 1929 ya rasu a 2022, shi ne sarkin sassaƙa na wannan salo. A 1976 ya kafa maƙalin shanyar tufafi na ƙarfe a tsakiyar birnin Philadelphia, tsawonsa ya kusa mita 14, daga baya shi da matarsa Coosje van Bruggen suka shimfiɗa wani ƙaton cokali mai jan ɗan itace a bakinsa a Minneapolis. Ina son Oldenburg, yana faranta rai, kuma shi ma ya koya wa mutane duban abin da suka raina. Amma a bar ni in faɗi gaskiyata: kayan Warhol da Oldenburg kayan ƙoshi ne, na mutanen da kanti ya cika musu har ya gundure su. Oldenburg sai ya kumbura abu ya kai tsawon bene kafin ka kula da shi, kuma sabo yake ƙerawa. Hazoumè bai ƙara girman komai ba, bai ƙera sabo ba. Ainihin jarkar da wani ya yi kasada da ransa a kanta ya ɗauko, da warinta da tabonta. Cokalin Minneapolis bai taɓa shiga bakin kowa ba. Jarkar Porto-Novo kuwa ta ciyar da gida, ta biya kuɗin makaranta, mai yiwuwa ma ta yi ajalin wani. Ina za a haɗa?

Sannan ga wayon da ke ciki, wanda duk lokacin da na tuna shi sai na ji daɗi har cikin raina. Turawa sun daɗe da kwaɗayin fuskokin dodanni na itace da ake sassaƙawa a Afirka. Sun saya, sun ƙwace, sun cika gidajen tarihinsu da su, manyan masu zanensu irin su Picasso sun sha daga wannan rijiya. Dukiyar fadar Abomey da sojojin Faransa suka kwashe a 1892 ƙarƙashin kwamandansu Dodds, sai a Nuwamban 2021 aka dawo wa Benin da guda 26 daga ciki. To, sai Hazoumè ya ce, tunda fuska kuke so daga Afirka, ga fuska. Ya sha bayyana cewa abin da yake yi shi ne mayar wa ƙasashen Yamma kayansu, wato sharar robar da tsarin cinikinsu ya jibge mana. Kuma suka karɓa hannu bibbiyu, suka biya da tsada! Attajirin nan mai tara kayan fasahar Afirka, Jean Pigozzi, ya sayi ayyukansa tun da wuri, aka nuna su a zauren Saatchi na Landan a 1992. Mawaƙin Ingila David Bowie ma ya mallaki wasu, sun fito cikin kayansa da aka yi gwanjo a 2016 bayan rasuwarsa.

Da a nan ya tsaya, da ya isa a kira shi gwani. Amma aikin da ya sa na sallama masa gaba ɗaya shi ne La Bouche du Roi, wanda ya ɗauki sunan wurin da kogin Mono ke faɗawa teku kusa da Grand-Popo, a gaɓar da aka yi ta lodin bayi zuwa ƙetare. Daga 1997 zuwa 2005 yana gina shi. Akwai wani tsohon zane da masu yaƙi da cinikin bayi suka buga a Ingila a ƙarshen shekarun 1780, na wani jirgin ruwan Liverpool mai suna Brookes, yana nuna yadda ake jera mutane a kwance a cikinsa, kafaɗa da kafaɗa, babu wurin juyi. Doka ta yarda jirgin ya ɗauki mutum 454, kuma kafin dokar ya taɓa ɗaukar sama da 600. Hazoumè ya ɗauki wannan zane ya shimfiɗa shi a ƙasa da jarkuna 304. Ko wace jarka mutum guda ce, kwance, baki a buɗe yana kallon sama. Manya da ƙanana, domin akwai mata da yara. Wasu a fashe, domin ba kowa ya kai gaci ba. A tsakaninsu ya ajiye irin kayan da ake musayar ɗan Adam da su: kwalaben barasa, taba, duwatsun wuya, wuri, madubi, bindiga. Mai kallo ba ido kaɗai yake kawowa ba. Akwai muryoyi da ke tashi cikin harsunan yankin suna kiran sunaye suna kuka, akwai wari da ƙamshi da aka saki a ɗakin don hanci ma ya shaida, ga kuma wani ɗan fim a gefe yana nuna masu fasa-ƙwaurin fetur na yau a kan baburansu.

Wannan fim ɗin shi ne wuƙar. Da shi yake ce maka kada ka tsaya kana jimamin abin da ya wuce shekara ɗari biyu, ka dubi jarkar da kyau. An cika ta fiye da ƙima, an gasa ta don ta ƙara ɗauka, an yi ta aiki da ita har ta fashe, an jefar, an ɗauko wata. Haka aka yi da bawa a cikin Brookes, haka ake yi da saurayin da ke kan babur. Ban taɓa ganin inda aka faɗi magana mai nauyi haka da abu mai arha haka ba. Kuma bai yi wa kowa sassauci ba: a ƙarshen jirgin ya keɓe fuskoki biyu, ɗaya ta Bature, ɗaya ta sarkin gida, don a san ciniki sai da mai saye da mai sayarwa. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ayarin da suka riƙa ratsa Sahara daga Borno da Damagaram zuwa Tarabulus ba gashin jimina da fatu kaɗai suka ɗauka ba, kuma sai a 2003 dokar Nijar ta sanya bauta cikin manyan laifuffuka. Gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya sayi aikin, ya baje shi a 2007, shekara 200 cif da dokar da ta haramta cinikin bayi a daular Ingila. Ka ji ikon Allah: jarkar da ɗan duwan zai ƙwace ya huda, ita ce ake lallaɓawa da safar hannu a Landan.

A wannan shekarar ta 2007 dai ya je Kassel ta Jamus, wurin babban bajekolin documenta da ake yi duk shekara biyar, da wani aiki mai suna Dream, wato mafarki. Kwalekwale ne dogo da ya haɗa da jarkuna 421, ya ajiye shi a gaban wani faffaɗan hoton bakin teku mai kyan gaske. Jirgin ƴan ci-rani ne masu nufin Turai, kuma duk wanda ya dube shi ya san ba zai kai ba, don jarkunan a yanke suke, ruwa zai shiga ta ko ina. Da wannan aiki ya ci kyautar Arnold Bode. Ƴan bakin teku su ga kwalekwale, ni kuwa mota nake gani, irin wadda ke tashi daga Agadas ta nufi Dirku da Libiya, mutane sun hau kan kaya ƙafafu na reto, jarkunan ruwa an naɗe su da buhu an rataya a gefe, ko wace da sunan mai ita. A hamada jarka ita ce rai. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, yawancinsu mata da yara, da yawa daga yankin Kance na jiharmu ta Damagaram. Ƙishirwa ce ta kashe su. Allah ya jiƙansu. Tun da na ga hoton Dream, ba na iya raba shi da wannan labari, kuma ina ganin babu ɗan jihar nan da zai iya.

Na san akwai mai karatu da ransa bai kwanta ba, yana cewa ai wannan aikin gumaka ne. Tambaya ce da ta dace. Hazoumè mutum ne da bai ɓoye alaƙarsa da al'adun gargajiyar ƙasarsu ba, musamman duban Fa, kuma alamominsa suna fitowa a zane-zanensa. Ni Musulmi ne, wannan ba hanyata ba ce. Amma fuskokin jarka ba abin bauta ba ne, ba a sa su a yi rawa, ba a yanka musu komai, kuma ba shi ya ƙera surar ba, injin masana'anta ne ya fitar da ita a haka don sauƙin riƙo da zubawa. Abin da ya yi shi ne nuni. Kuma abin da yake nunawa, wato a ji tausayin mai wahala, a daina mayar da mutum kayan aiki, ban ga inda ya saɓa wa tarbiyyar da aka yi mana ba.

Kada kuma a ɗauka mutumin kuka kaɗai ya iya. A 2011 ya fito da wata ƙungiyar agaji ta ƴan Benin don taimakon Turawan da ke cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Aka ɗauki fim ɗin sanannun mawaƙan ƙasar suna zagaya kasuwa suna neman taimako domin talakawan Turai, kuma mata masu talla suka riƙa kwance bakin zane suna bayarwa. Mu da muka saba ganin fararen motocin ƙungiyoyin agaji suna wucewa ta Gure zuwa Diffa, mun san daɗin ganin an juya hoton ko da sau ɗaya ne. Abin dariya ne, amma a ƙarƙashinsa akwai gaskiyar da na yarda da ita ɗari bisa ɗari: talakan Afirka mai kyauta ne, kuma ba a haife shi don miƙa hannu ba.

Wani abin da ya ƙara masa daraja a idona shi ne bai gudu ba. Manyan zaurukan sayar da fasaha na duniya, irin su October Gallery ta Landan da Gagosian, sun baje kayansa, da ya so da tuni ya tare a Paris. Yana nan Benin yana aiki, kusa da titin da ke ba shi kaya. Yakan kira kansa are, wato irin masu fasahar Yarabawa na da da ke yawo daga fada zuwa fada da sana'arsu, su kai al'adar gida wani wuri su komo. Da Benin ta buɗe rumfarta ta farko a babban bajekolin Venice na Italiya a 2024, yana cikin mutum huɗu da suka wakilce ta, shi da Chloé Quenum da Moufouli Bello da Ishola Akpo. Abin da ya kai can ɗaki ne zagaye da ya gina da ɗaruruwan jarkuna, mutum ya shiga ciki fuskoki su kewaye shi ta ko ina. Shekara kusan arba'in yana aiki da abu guda, kuma har yau bai maimaita kansa ba. Tubarkalla!

Duniyar da ta haifi waɗannan fuskoki tana sauyawa. A ranar 29 ga Mayun 2023 Najeriya ta janye tallafin fetur, farashi ya yi tsalle, ribar fasa-ƙwauri ta ragu daga Porto-Novo har zuwa nan. Mu kuma tun 2011 muna da matatar SORAZ kusa da Damagaram, kuma ɗanyen man Agadem yanzu ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 yake gangarawa zuwa Sèmè, ƴar tafiya kaɗan daga garin Hazoumè. Wata rana za a nemi labarin mutanen da suka ɗauki mai a bayansu da kan baburansu kafin bututu, ba za a same shi a rahoton kamfani ba. A bangon gidajen tarihi za a same shi, fuska bayan fuska.

Abin da ke ci mini rai kawai shi ne ƴan Landan da Kassel da Venice sun tsaya gaban waɗannan ayyuka, mu da muka fi su sanin abin da ke ciki sai dai a hoto da waya. A Benin an yi maganin wannan. Gidauniyar Zinsou, wadda Marie-Cécile Zinsou ta kafa a Kwatano a 2005, da ayyukan Hazoumè ta buɗe ƙofarta, shiga kyauta ne, har mota take aikawa a kwaso ƴan makaranta, kuma a 2013 ta ƙara buɗe gidan tarihi a Ouidah. Me zai hana a yi irin wannan a Damagaram? Ba sai an kawo jarka 304 ba. Fuskoki ashirin sun isa, a rataya su a gidan al'adu ko a harabar Jami'ar André Salifou na wata guda, sannan a ɗoro su a mota a kawo mana Gure ko da na mako ɗaya ne. In hakan ta faru, ina roƙon masu shiryawa kada su fara da manyan baƙi. Ranar farko a bar wa ƴan garuwa da ƴan ruwa-ruwa da direbobin hanyar Agadas da matan layin famfo, a bar su su zagaya a tsanake, a kuma ajiye mai rubuta abin da za su ce.